Yadda Ake Zaɓen Sabuwar Sandar Giya Domin Tsohuwar Motar Gudu

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Duk wanda ya mallaki tsohuwar motar gudu, ko Corvette ce ta shekarun 1960, ko Porsche 911 mai sanyaya inji da iska, ko MGB, ko Datsun 240Z, akwai ranar da zai ji sandar giyarsa ta yi sako-sako a hannu, tana lilo hagu da dama ko da motar tana cikin giya, sai ya yi ta lalube kafin ya samu ta uku. A nan ne hankali yakan karkata zuwa ga sandunan da wasu kamfanoni dabam suke ƙerawa, musamman masu gajeren zango, wato masu rage tazarar da hannu yake tafiya daga giya zuwa giya, waɗanda ake tallatawa da alkawarin sauya giya cikin sauri. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, amma sanda ba ta warkar da ciwon da ke cikin giyabos, iyakarta ta isar da motsin hannu zuwa gare shi. Saboda haka zaɓi na gari yana farawa ne daga ƙarƙashin mota, tun kafin a buɗe kundin kayan sayarwa.

Abu na farko shi ne a tabbatar da irin giyabos ɗin da ke cikin motar a yau. Motar da ta haura shekara hamsin ta ratsa hannaye da yawa, kuma sau da dama abin da ke ƙarƙashinta ba shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta ba. Ko a masana'antar ma akan sauya a tsakiyar tafiya. Corvette ta 1963 ta fara fitowa da giyabos Borg-Warner T-10, sannan a cikin shekarar aka koma Muncie. Porsche 911 ta yi amfani da giyabos samfurin 901 har zuwa 1971, wanda giyarsa ta ɗaya take can hagu ta baya, daga 1972 zuwa 1986 aka koma 915, sannan G50 ya zo a 1987, kuma sandar ɗaya ba ta hawa ɗaya. Masu MGB da yawa sun cire giyabos na asali sun sa Ford Type 9 mai giya biyar. Don haka shekarar mota kaɗai ba hujja ba ce. A ɗaga motar, a goge datti, a karanta lambobin da ke jikin giyabos, da su za a yi sayayya.

Bayan an san sunansa, sai a duba yadda sanda take haɗuwa da shi, domin a nan ne ake gane ko sauyin zai yi amfani sosai ko kaɗan. A giyabos na Amurka irin su Muncie, da T-10, da Ford Toploader, da A833 na Chrysler, dukkan kayan sauyin suna waje. Ana ɗaure ƙaramin akwatin sanda a wutsiyar giyabos, daga nan sandunan ƙarfe uku suke miƙewa zuwa hannuwan da ke gefensa, ɗaya na giya ta ɗaya da ta biyu, ɗaya na ta uku da ta huɗu, ɗaya na ribas. Da yake suna fili, ƙura da ruwa da zafin salansa duk a kansu suke ƙarewa, kuma kowace mahaɗa tana da ɗan wasanta, idan aka tara su sai hannu ya rasa inda giya take. A irin wannan tsari ne sabuwar sanda take kawo canji mafi girma, kuma a nan ne sunan Hurst ya kafu. George Hurst ya fara wannan sana'a a jihar Pennsylvania a ƙarshen shekarun 1950, kuma sandunansa sun samu karɓuwa har kamfanin Pontiac ya riƙa sa su a motarsa GTO tun daga masana'anta a 1964. Wannan tarihi yana da amfani ga mai zaɓe, domin sandar Hurst Competition Plus a cikin motar Amurka ta wancan zamani ba baƙuwa ba ce, ta dace da shekarun motar.

A wasu giyabos kuma, irin su T5 ko na Mazda MX-5 ta 1989, sandar tana shiga kai tsaye ta sama, ƙasanta mai dunƙule yana zaune cikin wani ɗan kofi na roba mai tauri. Mahaɗai kaɗan ne, wasa ma kaɗan ne, ribar sauyi ba ta da yawa. Porsche 911 ita ce ta fi wahala, saboda inji da giyabos suna baya, sanda tana gaba, sai wata doguwar sandar ƙarfe ta bi ta ramin tsakiyar mota ta haɗa su, da mahaɗa a ƙarshenta ƙarƙashin wani ɗan murfi a gaban kujerun baya.

Yanzu ga gwajin da nake ganin bai kamata kowa ya tsallake ba. A kashe inji, a sa mota a giya ta uku, a kama kan sandar da yatsu biyu a motsa ta hagu da dama a hankali. Idan tana tafiya sosai ba tare da ta ja komai ba, bushin ne suka cinye, wato ƙananan zobban roba ko ƙarfe da ke hana wasa a mahaɗai. A cire robar da ta rufe gindin sandar a duba. Sau da yawa za a tarar da kofin robar ya farfashe ya zama gari mai launin rawaya, ya cakuɗe da tsohon giris da ya bushe. A Porsche mai giyabos 915, bushin ƙasan sanda, da wanda doguwar sandar take ratsawa, da na mahaɗar baya, su ne suke haddasa mafi yawan lalube da ake ɗora wa motar laifinsa. A duba kuma robobin da inji da giyabos suke zaune a kai, domin idan sun mutu giyabos yana motsi a duk lokacin da aka taka totur, sai ramin giya ya gusa daga inda hannu ya saba. A tabbatar kuloci yana saki gaba ɗaya. Mutane da yawa da suka sabunta waɗannan ƙananan abubuwa sun gano cewa sandar asali ba ta da laifi ko kaɗan.

Idan kuwa giya tana ƙara lokacin shiga, musamman daga ta ɗaya zuwa ta biyu, matsalar tana ciki, a zoben sinkuro. Aikin wannan zobe shi ne ya daidaita gudun haƙoran giyar da za a shiga da gudun shaft ta hanyar gogayya kafin su sarƙu, kuma yana bukatar ɗan lokaci domin ya yi hakan. Sanda mai gajeren zango tana rage masa wannan lokaci, don haka idan ya riga ya gaji, ƙarar za ta ƙaru ne. A tuna kuma cewa wasu motoci ba su da sinkuro a giya ta ɗaya tun asali, kamar Jaguar E-Type mai giyabos na Moss kafin zuwan injin lita 4.2 a 1964, da MGB kafin ƙarshen 1967. Babu sandar da za ta sa waɗannan su shiga ta ɗaya shiru alhali mota tana tafiya.

To, mene ne gajeren zango yake yi a zahiri? Sandar giya tana aiki ne kamar ƙarfen da ake ɗaga dutse da shi, akwai madogara a tsakiya, dogon ɓangare a sama inda hannu yake, gajere a ƙasa inda aiki yake. Sanda mai gajeren zango ta gaskiya tana ɗaga madogarar sama, ɓangaren ƙasa ya ƙara tsawo, sai ɗan motsin hannu ya wadatar. Amma abin da aka rage a tazara ana biyan sa da ƙarfi, kuma lissafin a bayyane yake. Idan aka rage zango da kashi 20 cikin 100, ƙarfin da hannu zai sa yana ƙaruwa da kashi 25. Idan aka rage kashi 30, ƙarin ya kai kusan kashi 43. Idan aka rage kashi 40, ya doshi kashi 67. A motar da ake tsere da ita a fili wannan ciniki ne mai kyau. A motar da ake fita da ita yawo, da safe man giya bai yi ɗumi ba, sanda mai tauri haka tana gajiyar da hannu, kuma tana ɓoye wa direba wannan ɗan jinkirin da sinkuro yake sanar da shi cewa bai gama aikinsa ba. A ganina, ragin kashi 20 zuwa 30 ya ishi tsohuwar motar da ake hawa a titi. Ita kuwa dabarar yanke saman sanda domin ta gajarta, ba na ba da shawararta, domin tana nesanta kan sandar daga sitiyari, ga kuma lalata kayan asali.

Abin da ya fi gajeren zango muhimmanci, ko da yake ba a cika tallata shi ba, shi ne sifirin da ke mayar da sanda tsakiya. A giyabos mai giya biyar, sanda ta gari idan aka sake ta a firi takan tsaya da kanta daidai layin ta uku da ta huɗu. Giyabos 915 na asali ba shi da cikakken wannan tsari, shi ya sa kamfanoni irin su WEVO suke ƙera sanduna masu sifirin a ɓangarorin biyu. Amfaninsa ya wuce jin daɗi. Direban da ya nufi sauka daga ta biyar zuwa ta huɗu a guje, hannunsa ya kauce ya faɗa ta biyu, da zarar ya saki kuloci tayoyi za su tilasta wa inji juyin da ya fi ƙarfinsa, bawul su haɗu da fistin, kuma babu na'urar iyakance juyi da za ta hana hakan. A duba kuma makarin ribas. Corvette ta 1963 zuwa 1967 tana da ɗan hannu a jikin sandar da ake ja sama da yatsu kafin ribas ya shiga, wasu sandunan kuwa sifirin mai ƙarfi suke amfani da shi. Kowanne ne, kada a sayi sandar da ba ta da kariya ko ɗaya.

Game da bushin, na ƙarfe ko na tagulla sun fi daɗewa kuma sun fi ba hannu tabbaci, amma suna shigo da ƙugi da karkarwar giyabos cikin mota. Na roba mai tauri sun fi shiru. Masu ƙera motoci ba da wasa suka sa roba a tsakanin sanda da giyabos ba.

Sai batun zama a cikin mota. A tambayi mai sayarwa a fili ko sandar za ta fito ta ramin asali ba tare da an yanka ƙarfen ƙasan mota ko allon tsakiya ba, domin tsohuwar motar da aka yanka darajarta tana raguwa, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa yadda yake. A auna ko hannu zai bugi dashbod a giya ta ɗaya da ta uku, ko ya bugi kujera a ta biyu da ta huɗu. Zaren da ake murɗa kan sanda ma ya bambanta, na Hurst na inci ne, na motocin Japan da yawa na milimita ne, don haka tsohon kan sandar ba lallai ya hau sabuwa ba. Wasu motocin Ingila, irin su Triumph Spitfire da MGB na ƙarshe-ƙarshe, suna da makunnin obadiraib, wato ƙarin giya mai rage juyin inji a doguwar tafiya, a kan sandar, wayarsa tana bi ta jikinta, sai a tabbatar sabuwar ta tanadi hanyar wayar. Makunnin fitilar ribas shi ma a wasu motoci a jikin akwatin sanda yake.

Wajen ɗaurawa, a tsarin sanduna na waje, ana sa dukkan hannuwan giyabos a firi, a zura ƙusa mai kaurin kwatan inci ta ramin daidaitawa da ke jikin akwatin Hurst domin ta riƙe hannuwansa a layi ɗaya, sannan a murɗa tsawon kowace sanda har ta shiga raminta ba tare da an tilasta ba. Idan sandar tana da notunan tsayarwa a gaba da baya, a sa giya ta shiga sosai, a murɗa noti har ya taɓa sandar, sannan a mayar da shi baya kaɗan kamar yadda takardar kamfanin ta nuna. Idan ya matse da yawa giya ba za ta shiga har ƙarshe ba, za ta riƙa fitowa a tafiya tana cin haƙora. A gwada kowace giya da ribas inji a kashe, sannan a fita a hankali har mai ya yi ɗumi, a dawo a sake duba notuna. Tsohuwar sandar kuma, da sandunanta da kusoshinta, a wanke su, a shafa musu mai, a rubuta inda kowanne ya fito, a adana su tare da takardun motar domin mai saye na gaba zai tambaye su.