Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Yawon Buɗe Ido na Jihar Sarawak ta Malesiya a Tsohuwar Kasuwar Siniawan

Mai girma Minista, shugabannin ƙabilar Bidayuh da na Malayu da suka rako ka, dattawan wannan gari, 'yan kasuwa maza da mata, barkanku da zuwa. A madadin masu shagunan wannan layi, ina yi wa babban baƙonmu lale marhabin, da godiya kan takowar da ya yi daga Kuching, babban birnin jiha.

Ranka ya daɗe, layin da kake tsaye a kansa gajere ne. Shagunan katako ne 24, sahu biyu suna fuskantar juna a bakin kogin Sarawak, ƙasa wurin ciniki, sama wurin kwanan iyali. Kakanninmu Sinawa 'yan Hakka sun tsallako daga yankin Sambas na yammacin Borneo neman zinari a garin Bau da ke kusa da mu, aka kafa kasuwa a nan saboda jiragen ruwa suna tsayawa. Mutanen Bidayuh su gangaro daga tudun Serembu da amfanin gona, Malayu su haye kogi a kwale-kwale. A kan wannan tudu na Serembu James Brooke, Baturen Ingila da ya mulki Sarawak, ya gina masauki, inda masanin halittu Alfred Russel Wallace ya sauka a 1855. Tawayen da Sinawa masu haƙar zinari suka yi wa mulkin Brooke a 1857 ƙarƙashin shugabansu Liu Shan Bang ma ya ratsa ta nan, kuma garin ya ɗanɗana kuɗarsa.

Abin da ya durƙusar da kasuwar daga baya shi ne hanyar mota. Da kaya suka daina bin kogi, ciniki ya mutu, matasa suka tafi birni, ambaliya kuma tana zuwa tana cin katako. Bayan ambaliyar 2009 ne 'yan gari suka kafa kwamitin kula da kayan tarihi, aka rataya jajayen fitilu, aka jera tebura a tsakiyar titi don kasuwar abinci ta dare. Yanzu daren Juma'a, Asabar da Lahadi sai ka rasa wurin zama. Mai sayar da lei cha, shayin Hakka da ake kirɓawa da ganyaye da gyaɗa, tana maƙwabtaka da mai dafa shinkafa cikin ƙoƙon ganyen daji irin na Bidayuh, ga rumfunan abincin halal na 'yan'uwanmu Malayu. Wannan cuɗanya ita ce abin da na fi alfahari da shi, domin haka kasuwar take tun asali.

Sai dai muna da koke. Dare uku na cunkoso ba ya gyara ginshiƙin da gara ta ci. Shagunan manne suke da juna, gobara ɗaya za ta iya lashe su duka, shi ya sa muke roƙon a sabunta wayoyin lantarki a kuma kawo famfunan kashe gobara. Muna roƙon a duba magudanan ruwa da gaɓar kogi. Mafi damunmu, kafintocin da suka san aikin belian, katako mai tauri na dajin Borneo, sun tsufa. A taimaka a ɗauki yara su koya a hannunsu, don kada a wayi gari an maye gurbin katako da siminti da sunan gyara.

Ranka ya daɗe, bayan wannan zama za mu zagaya da kai har haikalin Shui Yue Gong, ka hau benen ɗaya daga cikin shagunan ka ga halin da rufin yake ciki. Mun gode, Allah ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.