Darasin wasanni: riƙe ƙungiyar ƙwallon mata a kakar da ba ta yi daɗi ba

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, na cikin birni da na waje, barkanmu da war haka. Yau a filin darasi muna tare da wata baiwar Allah da ta daɗe tana koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata, kuma tana cikin masu kula da wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon mata a nan Kano. Hajiya, sannu da zuwa. Saƙonnin da muke samu duk kusan iri ɗaya ne: ana ta lallasa ƙungiya, aljihu ya bushe, yara suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake son ya taimaka, ta ina zai fara?

Baƙuwa: Yauwa Malam, na gode. Zai fara ne da ɗauke idonsa daga teburin gasa. Na san maganar za ta yi wa masoya tamaula nauyi, amma ƙaramar ƙungiya ba kaye ne yake kashe ta ba. Ana iya zura mata biyar yau, gobe ta fito atisaye. Abin da yake kashe ta shi ne ranar da koci zai ƙirga yara ya ga tara suka zo, mako na gaba kuma shida. Saboda haka a kaka irin wannan ba kofi ake nema ba. Abin nema shi ne a gama kakar da yaran da aka fara da su, kuma kada a yi fashin wasa ko ɗaya. Domin in ba ku je fili ba, ƙa'ida ita ce a rubuta an ci ku 3 da nema, galibi ga tara a kai, kuma masu shirya gasa su fara yi muku kallon waɗanda ba a dogara da su.

Mai gabatarwa: To me yake hana yaran zuwa? Karayar zuciya ce?

Baƙuwa: Kuɗin mota ne, Malam, kuɗin adaidaita sahu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa wuce 1,000. Yarinyar da take Kurna ko Rijiyar Zaki ko Hotoro, filin atisaye kuma yana wajen Ƙofar Na'isa, wa zai ba ta kuɗin zuwa da dawowa sau uku a mako? Uban da yake fama da cefane? Namiji sai ya rataya takalminsa a wuya ya taka, ko ya ɗare bayan babur ɗin abokinsa. Ita ba za ta yi haka ba, kuma mu ma ba ma so ta yi.

Mai sauraro ya ɗauko biro mu yi lissafi, misali kawai nake bayarwa, kowa ya sa farashin unguwarsu. A ce yara 22 ne, kowace tana kashe naira 600 zuwa da dawowa, atisaye sau 3 a mako. Ya kama naira 39,600 ke nan. In aka samu mutum 40 da kowanne zai riƙa ba da 1,000 duk Juma'a, an rufe wannan ƙofar. Kamar adashi ne, sai dai ba ka jiran kwasa. Ni na fi son wannan a kan Alhaji ɗaya ya zo ya ajiye rabin miliyan a ɗauki hoto, sannan a neme shi a waya wata mai zuwa a ji ta a kashe.

Mai gabatarwa: Hajiya, kada ki kore mana masu hannu da shuni fa.

Baƙuwa: A'a, Allah ya saka musu da alheri, muna so. Amma in gaya musu gaskiya: kowa jesi yake son saya, saboda ita ce za a buga sunan shagonsa a ƙirji. Sai ka ga ƙungiya da jesi kala uku, ba ta da ƙwallo biyar masu iska. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da yake son taimako, ya tambayi koci tukuna me ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. Watakila ya ce ruwan leda ne da ƙanƙara. Watakila takalma ne, waɗanda ko na gwanjo a Ƙofar Wambai za su yi in dai sun dace da ƙafa. Akwai ma abin da koci namiji ba zai iya buɗe baki ya faɗa ba, ni zan faɗa: audugar mata da rigar mama ta wasa. Yarinya takan ƙi zuwa kwana huɗu ko biyar kowane wata, a ce ba ta da himma, alhali katan ɗaya na auduga a jakar ƙungiya zai warware matsalar.

Kuma duk kuɗin da aka tara, a yi masa littafi. Asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu kafin a cire, ƙarshen wata a karanta wa kowa abin da ya shiga da abin da ya fita, ko a tura a zauren WhatsApp na magoya baya. Lokacin da ake cin wasa ba mai tambayar lissafi. Ranar da aka fara shan kashi, a ranar za ka ji ana cewa ina kuɗinmu suka shiga.

Mai gabatarwa: Ga wani saƙo daga wani bawan Allah a Gwammaja. Yana cewa shi matsalarsa ba kuɗi ba ce, ƙanwarsa tana so, amma mahaifinsu ya ce ba 'yarsa ba, ba ƙwallo ba.

Baƙuwa: To nan ne gizo yake saƙar, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ɗan'uwa na Gwammaja, kada ka yi jayayya da Baba. Tsoronsa yana da tushe. Yana tambaya ne wa zai kula da ita, me za ta saka, ƙarfe nawa za ta dawo, kuma me mutanen unguwa za su ce. In ƙungiya ba ta da amsar waɗannan huɗun, ni ma ba zan ba da tawa 'yar ba.

Amsar ta farko ita ce uwar ƙungiya. Dole a samu babbar mace mai mutunci, wadda iyaye suka san gidanta, da za ta kasance a kowane atisaye da kowace tafiya. Ba a barin koci namiji shi kaɗai da yara, ko da waliyyi ne, don kare shi da kare su. Mai goyon baya namiji kuma, taimakonka ya bi ta hannun shugabanni. Ba karɓar lambar yarinya, ba kai ta gida a motarka, ba kyauta a ɓoye. Magana ɗaya in ta fita a unguwa, iyaye goma za su janye 'ya'yansu a mako guda, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Sutura kuwa, mutane da yawa ba su san dokar ta canza ba. Tun 2014 hukumar da take tsara dokokin ƙwallo ta duniya ta amince a buga wasa da kai a rufe. Sharaɗin shi ne abin rufe kan ya zama baƙi ko kalar rigar, kada a haɗe shi da rigar, kuma kada ya zama da abin da zai ji wa wani ciwo, wato ba fil ba allura. Dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren ma doka ta yarda, in dai kalarsu ɗaya. A gasar cin kofin duniya ta 2023, 'yar bayan Maroko, Nouhaila Benzina, ta buga da hijabinta a wasansu da Koriya ta Kudu, ita ce ta farko a wannan mataki. Ka nuna wa Baba hoton a waya, ya fi dogon bayani.

Sai lokaci. A tashi atisaye da sauran rana, kowace yarinya tana gida kafin a kira magariba, kuma kada a ci lokacin Islamiyya. Mu abin da muke yi, wadda sakamakonta na makaranta ya faɗi, benci za ta zauna ko da ita ce mai ci mana ƙwallo. Sannan shugabanni su taka da ƙafarsu su gaida mai unguwa, su shiga gidajen yaran su gaida iyaye mata. A gayyaci iyayen nan su zo kallo, a tanadar musu kujeru a inuwa. Uwar da ta ga 'yarta ta ci ƙwallo da idonta, ita ce za ta shawo kan maigida, ba mu ba.

Mai gabatarwa: Na tuna lokacin da ƙungiyar maza ta Kano Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022, Sai Masu Gida ba su watse ba, har ta dawo a 2023. Me ya sa ba a samun irin wannan a ɓangaren mata?

Baƙuwa: Ai Pillars tun 1990 take, ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu, yaro yana tasowa ya tarar da babansa yana zuwa filin Sani Abacha a Ƙofar Mata. Kuma gwamnati ce take riƙe da ita. Haka ma manyan ƙungiyoyin mata na ƙasar nan, Rivers Angels, Bayelsa Queens, Edo Queens, Delta Queens, duk jihohinsu ne a bayansu. A Arewa ga Nasarawa Amazons ta Lafiya, wadda ta ci gasar a 2013 da 2017, ga Adamawa Queens. Mu kuwa daga aljihun malaman makaranta da 'yan kasuwa muke rayuwa. Don haka 'yan kallo talatin a wajenmu ba kaɗan ba ne. Amma don Allah wanda zai zo ya bar bakinsa na gidan kallon ƙwallo a gida. Gola 'yar shekara sha shida in ƙwallo ta zille mata ka yi mata ihu, ba za ta mayar maka ba, gida za ta tafi ta yi kuka, kuma ba lallai ta dawo ba.

Mai gabatarwa: Batun rauni fa? Na ji ana cewa mata sun fi samun ciwon gwiwa.

Baƙuwa: Gaskiya ne, tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi yawa ga mata fiye da maza, likitocin wasanni sun tabbatar. Ga filayenmu kuma a lokacin rani ƙasa ta bushe ƙam. In yara sun ragu, sai a riƙa matsa wa 'yan kaɗan ɗin da suka saura su buga kowane minti, a nan rauni yake shigowa. Akwai tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+, minti 20 ne kacal, kyauta yake a intanet, yana koya wa yarinya yadda za ta yi tsalle ta dira gwiwa ba ta karkata ciki ba. Duk kocin da yake jina ya nema. In kuma gwiwa ta yi ƙara ta kumbura nan take, a sa ƙanƙara a nufi asibiti, ga asibitin ƙashi na Dala a kusa. Mai ɗori yana da aikinsa, amma jijiyar da ta tsinke ba a ja ta. Shi ya sa nake cewa a ware wani abu daga asusu wanda ba a taɓa shi sai don jinya. A watannin zafi kuma, Maris zuwa Mayu, da ma'auni yake haura 40, a mayar da atisaye sassafe. Da azumi a rage nauyinsa sosai.

Tafiya ma haka. Babu Bakanon da ya manta da ƙarshen watan Mayun 2025, lokacin da motar 'yan wasanmu da suke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa gada a wajen Dakatsalle, muka rasa sama da mutum 20. Allah ya jiƙansu.

Mai gabatarwa: Amin summa amin.

Baƙuwa: To ƙungiyar da ba ta da kuɗi ita ce take cewa a yi tafiyar dare don a huta da kuɗin masauki. Kada a yi. In wasan a Kaduna ne ko Jos, mai son taimako ya biya kwanan direba da na yara, su taso da safe.

Mai gabatarwa: Saura mana minti biyu, Hajiya. Wani yana tambaya, wai duk wannan wahalar akwai riba kuwa?

Baƙuwa: Wanda ya shigo don riba zai jira da yawa. Amma hanyar ba a toshe take ba. Asisat Oshoala, da ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, daga FC Robo ta Legas ta fito, haka ma Rasheedat Ajibade, kyaftin ɗin Najeriya da ta ɗaga mana kofin Afirka karo na goma a Rabat a watan Yulin 2025, bayan Maroko ta fara cin mu biyu muka rama muka ƙara. A 2024 ƙungiyar Bay FC ta Amurka ta sayi 'yar Zambiya Racheal Kundananji a kan kusan dala 800,000. Kuma a dokar FIFA, in aka sayar da 'yar wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine ta daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai ba a biya da baki, sai da takarda. Don haka a cikin magoya baya a samu mai ilimin boko ɗaya da zai ɗauki nauyin wannan: rajistar ƙungiya da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, rajistar kowace yarinya da takardar haihuwarta ta gaskiya, ba ragin shekaru, da takardar amincewar iyaye da sa hannunsu. A yi hoton kowace takarda a ajiye a waya, asalin kuma a hannun sakatare.

Mai gabatarwa: Mun gode, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Masu tambaya a kan kuɗin alƙalan wasa da hayar fili, ku yi haƙuri, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.