Sharhi: Zakunan Rufiji da Manoman da ke Kwana a Gona

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa kudancin Tanzaniya ne, yankunan Rufiji da Lindi, inda manomi kan fita gadin gonarsa da magariba, gari ya waye sai dai a bi sawun jini.

Wani bincike da Craig Packer na Jami'ar Minnesota ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005, ya ƙirga mutum 563 da zakuna suka kashe a ƙasar cikin kimanin shekara 15, tun daga 1990. Zaki guda, wanda mutanen Rufiji suka laƙaba wa suna Osama, an ɗora masa alhakin rayuka aƙalla 35 kafin a harbe shi a 2004.

To me ke kawo zaki bakin gona? Aladen daji. Namun dajin da zaki ya saba ci sun yi ƙaranci, aladu kuwa sun yi yawa, domin galibin mutanen yankin Musulmi ne, ba sa farautarsu don ci. Da dare aladun nan kan afka wa masara da shinkafa, a dare ɗaya su gama da wahalar shekara. Dole manomi ya kafa 'yar bukkar ciyawa a tsakiyar gona, ya kwana yana kora. Zaki ya biyo alade, sai ya tarar da mutum, kuma ciyawa ba ta tare zaki. Shi ya sa hare-haren suka fi yawa daga Maris zuwa Mayu, lokacin girbi, musamman a dararen da wata ke jinkirin fitowa.

Abin da ke ci mana rai shi ne, dab da waɗannan ƙauyuka gandun dajin Selous yake, inda baƙi ke zuba daloli don kallon zaki ko farautarsa. Kuɗin na shiga aljihun gwamnati da kamfanoni, makoki kuma yana gidan talaka. Ba mu ce a ƙarar da zakuna ba, sun ma riga sun yi ƙaranci a Afirka. Amma daga cikin dalolin nan ya wajaba hukumomin Tanzaniya su rage yawan aladun, su taimaka a katange gonaki, a gina ɗakunan gadi masu ƙwari, su kuma biya diyya mai tsoka ga iyalan waɗanda aka kashe.