Cutar kumburin manyan jijiyoyin jini da yadda take ƙandarar da su

Wannan laccar wani likita ne ya yi ta a Garwa, na saurari rikodin na rubuta yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum jama'a, iyayena da ƙannena, sannunku da zuwa. Yau zan yi magana a kan cutar da ba kasafai ake jin ta ba, amma duk wanda ta kama yana shan wahala kafin a gane. Garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta afka wa bangon manyan jijiyoyin jini, musamman babbar nan da ta fito daga zuciya, awota, da rassanta masu kai jini hannu da kai da ƙoda. Iri biyu ce. Ta farko Takayasu, sunan wani likitan ido ne ɗan Japan, Mikito Takayasu, da ya bayyana ta a 1908, ta fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40. Ta biyu ta dattawa ce, waɗanda suka haura 50, ta fi yawa a arewacin Turai, tana zuwa da ciwon kai a gefen goshi da gajiyar muƙamuƙi in ana tauna, kuma tana iya makantar da mutum farat ɗaya, shi ya sa ba a kwana da ita a gida.

To ni abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Kumburi in ya daɗe a bangon jijiya yana barin tabo, a kan tabon nan sai kalsiyam ya riƙa taruwa, kamar farin ɓawon nan da kuke gani a cikin butar shayi, har jijiyar da Allah ya yi ta mai laushi, tana buɗewa tana komawa da kowane bugun zuciya, ta ƙandare. A Takayasu wani lokaci sai ka ga a hoto kalsiyam ɗin ya zagaye awota gaba ɗaya. Wallahi abin tausayi ne ka ga hoton yarinya 'yar shekara 25, ko yaye na fari ba ta yi ba, jijiyoyinta irin na kakarta. Jijiya in ta ƙandare zuciya sai ta ƙara ƙarfi wajen tura jini, tansiyo, wato ƙarfin bugun jini a jijiya, ya hau, zuciya ta gaji, ga haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In kuma jijiyar ƙoda ce ta matse, hawan jinin da ke zuwa magani ɗaya ba ya saukar da shi.

Yanzu ga wurin da nake so kowa ya buɗe kunne, har ku ma'aikatan lafiya da ke zaune can baya. Wannan cuta tana matse jijiyar da ke kai jini hannu, sai a auna tansiyo a wannan hannun a ga ya yi ƙasa ko ya yi daidai, a ce mata lafiyarki lau je ki gida, alhali a cikin jiki jinin a sama yake yana cin ƙoda da zuciya shiru shiru. Don Allah a auna hannu biyu. In bambancin lambar sama ya wuce 10 a ma'aunin mmHg a tsaya a duba da kyau, in hannayen biyu duk sun matse a auna a ƙafa. A taɓa wuyan hannu a ji bugun jini, a ɗora abin sauraro a wuya da saman ƙashin wuya ko za a ji shuuu. Wannan ba ya cin ko sefa ɗaya. Mace ta ce miki in tana daka ko tana kitso hannunta na mutuwa sai ta sauke ta huta, hannu ɗaya ya fi ɗaya sanyi, ga jiri ga zazzaɓin da an sha maganin maleriya bai tafi ba, kar a yi saurin cewa iska ce ko sammu.

Shi kalsiyam ɗin da sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ake ganinsa. Akwai ma'aunin da wani likitan zuciya a Amurka, Arthur Agatston, ya fitar a 1990 na jijiyoyin zuciya, sifili yana nufin ba a ga komai ba, in lamba ta haura 400 haɗarin ya yi yawa. Na san ba kowa ke da halin sikana ba, wani ma sai ya yi doguwar tafiya kafin ya same ta, amma ekografin wuya, wato hoton irin wanda ake yi wa masu ciki, da gwajin jini na CRP mai nuna kumburi da suga da kolesterol suna nuna mana hanya sosai.

Magani kuma, firedinisolon ne kan gaba, yana kashe kumburi da sauri, sai dai in an daɗe a kansa shi ma yana kawo suga da hawan jini da ƙiba da raunin ƙashi, ka ga ya ƙara wa zuciya kaya ke nan. Shi ya sa muke haɗawa da metotirezet don a samu rage shi a hankali, akwai kuma tosilizumab da Amurka ta amince da shi don irin ta dattawa a 2017, amma da tsada. Kafin a fara waɗannan sai an duba tarin fuka tunda suna rage garkuwa. Kar a tsayar da firedinisolon farat ɗaya don an ji sauƙi, kuma kar a saye shi a kasuwa. Kuma ko kumburin ya kwanta ba a gama ba, a ci gaba da awon tansiyo da suga, a rage gishiri da magi da kanwa a miya, mai shan taba ya bari, wanda aka rubuta wa maganin kolesterol ya sha.

Wata Hajiya ta tambaya ko shan nono ne ke tara kalsiyam ɗin, a daina fura da nono ke nan?

A'a Hajiya, ki sha nononki. Ba daga ƙwarya yake zuwa ba, bangon jijiyar da ya ji rauni ne ke jawo shi. Mai shan firedinisolon ma tana buƙatar kalsiyam saboda ƙashinta, sukarin da ake zubawa a furar shi za a rage.