Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke gaya wa wuta-wuta an shuka dawa?

Mai gabatarwa: Masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne, saboda haka Dakta, a gaggauce. Wata baiwar Allah daga Kassala ta ce, me ya sa in ta jefa nunanniyar ayaba cikin buhun ɗanyen mangwaro sai ya nuna da wuri?

Dakta: Ayabar tana fitar da wata iska, etilin. Ƙwayoyin halittar mangwaron suna da furotin mai kama ta, da ya kama sai nuna ya soma.

Mai gabatarwa: To Hajiya kin ji, tunda dabarar ba ta cin kuɗi, sai a sassauta mana farashi. Wani ɗalibi daga Wad Madani: me ke karkata shuka wajen taga?

Dakta: Sinadarin oksin ne ke taruwa a ɓangaren inuwa, wajen ya fi tsawo, sai karan ya lanƙwasa ya bi haske.

Mai gabatarwa: Yanzu ga wadda ta fi yawa, daga Gadarif, da Sinnar, da Mai Wurno, a kan wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotson dawa. Wani dattijo ya rubuto: "Shekarar da na shuka riɗi ban ga wuta-wuta ba. Da na mayar da dawa, sai gona ta cika da furenta, dawa ta tsumbure. Wa ya gaya mata?"

Dakta: Baba, dawar ce da kanta. In ƙasa ta gaji, musamman in ta rasa fosfaras, saiwar dawa takan tsatso wani sinadari, sitirigolakton, don ta kira wasu ƙananan halittu dangin naman kaza su taya ta jawo abinci. Irin wuta-wuta kuwa, wadda maƙwabtanmu ke kira buda, yana kwance a ƙasa, yakan wuce shekara 10 da ransa. In ya sha danshi da ɗumi na kwanaki, sai ya shirya. A cikinsa akwai furotin mai ɗan rami, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Da sinadarin ya shiga ramin, sai a rushe wani furotin da ke danne tsiro, irin ya farka, ya miƙa ya manne wa saiwar. Kuma a nan Sudan ne Gebisa Ejeta, masanin noma ɗan Habasha, ya yi aikin da ya fitar da irin dawa mai suna Hajin Dura 1 a 1983, daga baya a 2009 ya sami babbar kyautar abinci ta duniya...

Mai gabatarwa: Dakta, dawo gonar Baba. Bari in maimaita don waɗanda suka kunna yanzu: dawa mai jin yunwa ce ke kira, wuta-wuta ta tsinci kiran. Haka ne?

Dakta: Haka ne. Kuma kafin ka ga furen nan a sama, ta yi makonni tana tsotson dawar a ƙarƙashi.

Mai gabatarwa: To mafita?

Dakta: A 1966 aka fara gano irin wannan sinadari, a saiwar auduga. Auduga tana tayar da irin wuta-wutar, amma ba ya iya kama ta, cikin 'yan kwanaki sai ya mutu. Saboda haka a riƙa juya gona da auduga ko gyaɗa, a zuba taki don kiran ya ragu.

Mai gabatarwa: Ni kuma ga nawa faɗan. Na ga masu tuge ta bayan ta yi 'ya'ya, su yar a bakin kunya. Haba jama'a! Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai. A tuge ta da zarar ta fara fure, a kwashe, a ƙone. Mai tambaya kan ganyen tumatir da ke naɗewa da rana, ka yi haƙuri, da taka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.