Abin da hasken rana ke yi wa idon yaro

Assalamu alaikum masu kallo. Idan ka leƙa ajin sakandare a Seoul ko Singafo, waɗanda ba su sa gilashi ba su ne za ka ƙirga da yatsu. Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan samari 'yan shekara 19 a Seoul ya gano kashi 96.5 cikin ɗari ba sa ganin abu mai nisa da kyau. Likitoci na kiran wannan lalura mayofiya.

Ga yadda take faruwa. Ƙwayar ido tana girma tare da yaro. Idan ta yi tsawo daga gaba zuwa baya fiye da kima, hoton abin da ke nesa sai ya tsaya kafin ya kai ga tantanin bayan ido, wato ratina. Littafin da ke hannu a gan shi tarwai, rubutun allo kuma ya koma dishi-dishi. Kuma in ƙwayar ta miƙe, ta miƙe ke nan. Gilashi gani kawai yake gyarawa.

Shekara da shekaru karatu ake ɗora wa laifi, kuma yawan ƙura wa abu na kusa ido yana da nasa kason. Sai a 2008 Kathryn Rose da abokan aikinta a Ostareliya suka kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7, wasu a Sydney, wasu a Singafo. A Singafo kashi 29 cikin ɗari na da lalurar, a Sydney kuwa kashi 3 kacal. Abin mamakin, yaran Sydney sun fi karanta littattafai. Bambancin yana waje: na Sydney suna shafe kusan awa 14 a mako a sarari, na Singafo awa 3.

To me ke wajen? Guje-guje ne? A'a. Yaron da ya zauna a gindin bishiya ma yana samun amfanin. Haske ne. Ajin makaranta da ƙyar haskensa ke wuce laks 500 a ma'aunin haske, alhali a waje da rana ana samun dubu 10 zuwa sama. Idonmu ne ke saurin sabawa, shi ya sa ɗaki ke yi mana kamar yana da wadataccen haske. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne haske mai ƙarfi na sa ratina ta saki sinadarin dofamin, shi kuma ya taka wa ƙwayar ido birki. An gwada a 'yan tsaki, an ga haka.

An gwada a makarantu ma. A birnin Guangzhou na Sin, an ƙara wa 'yan aji ɗaya na firamare a makarantu 6 minti 40 na zaman waje a kowace ranar makaranta, wasu 6 aka bar su yadda suke. Bayan shekara 3, kashi 30 na masu fita suka kamu, a ɗaya ɓangaren kusan kashi 40. Taiwan kuwa tun 2010 ta fito da shirin da ke ƙarfafa makarantun firamare su fitar da yara minti 120 kowace rana, kuma adadin yara masu raunin gani, wanda ya daɗe yana hawa, ya fara sauka.

Yaron ƙauye da ke bin awaki ba ya buƙatar wannan bidiyon. Na birni nake ji: boko da safe, lesin da rana, Islamiyya da yamma, a dawo gida a kulle get a miƙa masa waya. Ku lissafa, minti nawa ya ga sararin sama?

Ba sai an shanya shi a ranar azahar ba, kuma kada ya kalli ranar kanta. Inuwar darbejiya ta isa, da hantsi ko bayan la'asar, ana langa ko carafke, ko ma ana haddar a tabarma a tsakar gida. Wasan dandali da farin wata yana da daɗinsa, amma a wannan lissafin ba ya shiga. Fitar ta fi aiki kafin lalurar ta kama, don haka yaron da ya riga ya fara ƙanƙance ido in zai duba allo, a kai shi wurin likitan ido a auna shi.