Ciwon Hawa da Sauka: Inda Ya Bambanta da Damuwa Mai Dawowa

Assalamu alaikum, masu kallo.

Mutum biyu za su iya shiga ɗakin likita rana ɗaya da kuka iri ɗaya. Barci ya lalace, abinci ba ya shiga, jiki ya mutu, abin da a da yake faranta musu rai yanzu ko a jikinsu. Sun haura mako biyu a haka, kuma ba yau aka fara ba. Ɗaya ciwon damuwa ne da shi, irin mai tafiya ya dawo. Ɗayan kuwa ciwon da likitoci ke kira baifola ne, ciwon hawa da sauka. A ranar, ko ƙwararren likita ba lallai ya raba su da ido ba, kuma babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai raba su. Sai an tono tarihi.

Mai damuwa mai dawowa, in ta sake shi, komawa yake yadda aka san shi. Mai baifola kuwa akwai lokacin da yake zarce nan, ya hau sama.

To, yaya hawan yake? Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa mai sayar da atamfa, mutum mai sanyin hali, wanda ko kwabo ba ya fitarwa sai ya lissafa. Kwatsam sai ya koma barcin awa biyu, kuma ya tashi garau, babu gajiya. Ku riƙe wannan da kyau. Mai damuwa yana son barcin, barcin ne ya ƙi zuwa, ya wayi gari a galabaice. Wannan kuwa cewa zai yi barci ɓata lokaci ne. Ƙarfe uku na dare yana buga wa abokai waya da sabuwar dabarar kasuwanci. Magana kamar an kunna rediyo, ba ka samun wurin sa baki, kafin ya dire wannan zance ya ɗauko wancan. Ya ɗebo diloli bashi, ya raba kuɗin jari a bakin masallaci, ya ce takara zai fito, ƙila ma ya aika neman aure gida biyu a mako ɗaya. Wanda ya ce masa a bi a hankali ya zama maƙiyi, don hawan ba kullum yake zuwa da fara'a ba, sau da yawa da zafin rai yake zuwa.

In irin wannan ya kai mako guda yana ɓata harkokin mutum, ko ya yi tsananin da sai an kwantar da shi, ko ya fara jin muryoyi da ɗaukar kansa wani babba, shi ne cikakken hawa, kuma sau ɗaya tak a rayuwa ya isa a ce baifola nau'i na farko ne. Akwai kuma ƙaramin hawa, na aƙalla kwana huɗu, wanda mutum ke zuwa aikinsa, har ya fi kowa kuzari. Ƙaramin hawa haɗe da damuwa mai tsanani shi ne nau'i na biyu, kuma shi ya fi yaudara.

Dalili a fili yake. Wa zai je asibiti don yana jin daɗi? A ce wata mata ce ke da shi, a gida cewa za a yi, "Alhamdulillahi, ta warware," alhali ita tana can tana wanki da shara ƙarfe biyu na dare, ta shiga adashe uku a lokaci guda. Sai ta faɗo, ta rufe ɗaki, sannan a kai ta asibiti, likita kuma ya ji rabin labari. Shi ya sa wasu ke shafe shekaru ana yi musu maganin damuwa kawai. Su kansu masana sun daɗe suna haɗa ciwukan biyu wuri guda, sai a 1957 wani likita Bajamushe, Karl Leonhard, ya raba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke da baifola, masu damuwa kuwa miliyan 280.

Akwai alamun da ke sa likita ya ƙara bincike ko da ba a ga hawa ba: damuwar ta fara tun kafin shekara 25, akwai mai irin ciwon a dangi, mutum ya riƙa barci fiye da kima in ta taso, ko mace ta ruɗe cikin makonnin farko na jego. Waɗannan alamu ne kawai, ba hukunci ba.

Kuma don Allah, a daina liƙa wa kowa sunan. Wanda ya yi dariya da safe ya yi fushi da yamma ba baifola gare shi ba, wannan halin ɗan Adam ne. Ciwon kwanaki da makonni yake ɗauka. Sannan wiwi, da ƙwayoyin sa ƙiba irin su dezametason, da ciwon maƙoƙo mai yawan aiki, duk suna iya kawo abin da ya yi kama da hawa.

Me ya sa ake wannan dogon bincike? Saboda maganin ba ɗaya ba ne. Maganin damuwa, in aka ba mai baifola shi kaɗai, yana iya cilla shi sama, ko ya sa hawa da saukar su riƙa zuwa kusa-kusa. Shi abin da yake bukata maganin daidaita yanayi ne. Mafi daɗewa shi ne litiyam, wanda likita John Cade na Ostireliya ya bayyana amfaninsa a 1949, kuma har yau ana ji da shi, musamman wajen rage haɗarin kashe kai. Amma yana son kula. Sai ana auna shi a jini, ana duba ƙoda da maƙoƙo. In ruwan jiki ya ƙare, ko da zafin bazara, ko gudawa, ko azumi, yana taruwa a jini ya zama guba, haka ma in aka haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ake saya a kemis. Don haka mai shan sa ya ga likitansa tun kafin watan Ramadan ya kama. Wani maganin kuma, balfuret, yana iya nakasa ɗan da ke ciki, saboda haka matar da ke sa ran haihuwa ta faɗa tun farko.

Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, amma mari da duka ba magani ba ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2023 ta zo ne don kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

In za a je, a tafi da wanda ya zauna da shi shekaru, uwa ko mata ko aboki na kusa, domin mai ciwon sau da yawa ba ya ganin kwanakin hawan a matsayin ciwo. A riƙe kwalayen duk maganin da ya taɓa sha. Ko likita bai tambaya ba, ku faɗa masa lokacin da barcinsa ya ragu bai gaji ba, da kwana nawa abin ya ɗauka, da abin da ya yi da kuɗinsa a lokacin.